Bargo a Shagon Nonso

"Halo! Halo! Kin ji ko?" Nonso ya ƙwala ihu cikin makirufo, sifikun shagonsa suka amsa har masu keke na Tina Junction suka waiwayo. Ya shafa sabuwar na'urar mai fitilu ja da kore. "Wannan ne coci suna saya, masallaci ma suna saya. Hajiya, ɗauka kawai."

Kausar ta toshe kunne. "Oga Nonso, ni ba wa'azi zan yi ba. Labari nake karantawa."

Ta daɗe tana rubuta labarai tana naɗarsu da muryarta, mutanen gida na mata dariya, ita kuwa ko a jikinta. Yanzu wani gidan rediyo ya ba ta fili ranar Asabar, amma sun dawo mata da abin da ta tura, wai bayan muryarta akwai wani shuuu kamar ana suyar doya. Suka ce ta nemi firiyam, akwatin da ke ɗaga muryar makirufo, ta sake naɗa kafin Juma'a, in ba haka ba a ba wani filin. Shi ya sa ta kwashi adashinta ta zo shagon Nonso.

Ta nuna wani ƙaramin baƙin akwati a can lungu, duk ya kwarzane. "Wancan fa?"

"Na hannu ne. Shi zai cinye kuɗin adashinki duka, kuma babu wayar haɗi. Sabon yana zuwa da waya kyauta."

"Haɗa min su duka biyun."

Sai ta zuge jakarta ta fito da jibgegen bargo. A gidansu na Kwararafa, saboda ƙarar injin markaɗen maƙwabta, a ƙarƙashinsa take naɗa, tana gumi duk da sanyin Jos. Ta zauna a benci, ta sa hedifon, ta lulluɓe kanta da makirufon.

Nonso ya fashe da dariya. "Jama'a, ku zo ku ga dodo a shagona!"

"Dodon ce mai sayayya. Kashe sifikun nan, don Allah."

Ta gwada sabon firiyam ɗin da ƙaramar murya. Suyar doyar nan tana nan. Aka sauya zuwa tsohon. Shiru, tsaf, sai numfashinta.

Hannunta ya fito daga bargon da hedifon. "Saurara da kanka."

Nonso ya sa a kunne yana murmushi. Ta fara karantawa a hankali, labarin Firisila, mai sayar da dankali, wadda mijinta ya hana ta taɓa wani buhu da ke bayan ɗaki. Murmushin ya ɓace. Wani ya shigo tambayar batir, Nonso ya kore shi da hannu.

"Da Firisila ta kwance bakin buhun," in ji muryar, "sai ta ga..."

Kausar ta yaye bargon, ta gyara mayafinta. "Tsohon nake so."

"Ta ga mene?"

"Ranar Asabar, a rediyo."

"Haba, Hajiya! Kan mutum ne? Kuɗi ne?"

Ta ajiye kuɗinta a kan tebur, tana naɗe bargon. "Amma fa tun da ba ni da waya, ba zan iya naɗa ba. Shi ke nan, babu mai ji."

Nonso ya dube ta, ya dubi wani buhu da ke kusurwar shagonsa kamar amsar na ciki. Ya miƙa hannu ya ciro waya daga ƙusa, ya duba ta, ya mayar, ya ciro wadda ta fi tsawo, ya miƙa mata.

"Ƙarfe nawa ne ranar Asabar ɗin?"