Layi Uku Zuwa Tajaye

Gonar da na gada daga Baba na sayar, na sayi moto, wato babur, mai caji. Gara in faɗa da bakina, don duk wanda zai ba ka labarina a Badagishiri da nan zai fara. Kabu-kabu nake yi, tsadar mai ta kai ni bango, sai ga wani ɗan kasuwa ya kawo irin wannan moto daga Konni: ba hayaƙi, ba ƙara, ka jona shi da lantarki ya ƙoshi. Ina ganinsa hankalina ya tafi.

Yayana Takama, wanda ke noma a ƙauyenmu gaba da Tajaye, ya taso takanas ya same ni. Ya zagaya moton sau ɗaya, bai ko taɓa shi ba.

"Ƙasimu, ƙasar Baba ka saida don wanga abu? Mi za ka hwaɗa ma ɗiyanka gobe?"

Da na yi shiru da ya fi. Amma bakina bai iya zama wuri ɗaya ba. Na ce masa, "Yaya, shekara talatin kana bin gero, ko keke ba ka aje ba." Ya dube ni, ya kaɗe rigarsa, ya kama hanya. Shekara biyu ko gaisuwar Salla ba ta haɗa mu ba.

A fuskar moton akwai layuka biyar na koren haske, su ke nuna sauran caji. Na san layi uku na kai ni ƙauyenmu har da ragowa. Na sani don sau biyu cikin bazara na je har bakin rijiyar garin, na tsaya ina kallon rufin gidan Takama, na juyo ban shiga ba. Abin da ban yi tunani ba shi ne, lokacin zafi na yi wannan awo.

Bana aka yi sanyin da tsofaffi suka ce sun jima ba su ga irinsa ba. Akuyar matata Wasila ta haihu, kullum da magariba sai ta kwashe ƴan akuyar ta kai ɗaki kusa da kaskon wuta. Ran nan ta ce mini, "Baban Hafsat, ka riƙa shigowa da moton ga ɗaki shi ma. Na lura in ya kwana waje, ba ka daɗewa kake komowa caji."

Na yi dariya har da buga cinya. "Ƙarhe ne, Wasila, ba ɗan akuya ba." Ta ce to, ta ci gaba da aikinta. Mace mai kiwon awaki ta gane abin da ni mai moton ban gane ba, kuma ko yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Wata Talata, ina sallame asuba wayar salula ta yi kuka. Binta ce, matar Takama.

"Ƙasimu, ka taho maza. Jikin yayanka ya yi tsanani, tun jiya sunanka shika kira."

Na fito tsakar gida. Moto ya kwana a waje, kuma jiya an ɗauke wuta kafin ya cika. Na murɗa makulli: layi uku. Na ce uku sun isa. A zuciyata har na shirya abin da zan faɗa masa. Ba dogon zance ba ne, "Yaya, ka yafe mini" ne kawai.

Ban yi nisa da gari ba layi ɗaya ya ɓace. Iska na dukan ƙirjina, yatsuna sun ƙage a kan hannun moton. Ina sauka daga jar hanya zuwa ta yashi na biyu ya bi shi. Na ukun ya koma ja yana ƙiftawa, moton ya fara tafiya kamar tsohon jaki da kaya. Nan Binta ta sake kira.

"Ina kake? Ko in tura Alamin da moto nai shi ɗauko ka?"

Alamin maƙwabcinsu ne, yana da wani tsohon moto mai shan mai da na taɓa yi wa ba'a a kasuwa. Na hango yadda gari zai ɗauka: gonar Baba ta mutu a hanya, Alamin ya jawo ta. Na ce, "A'a, bar shi. Ga ni nan kusa." Ƙarya nake, ko rabin hanyar yashin ban ci ba.

A gindin wani gawo moton ya mutu murus. Ba kowa a daji, sanyi ya kulle mutane a ɗaki. Da na kwantar da shi cikin sabara na zuba da gudu, wataƙila da na iske Takama da rai. Na duba gabas, na duba yamma, na kasa barinsa, don wannan ƙarfe shi ne duk abin da ya rage mini na Baba. Haka na kama turi cikin yashi, batir mai nauyin buhun gero yana ja na baya. Salula ta yi kuka sau biyu a aljihuna. Ban ɗauka ba, ina tsoron a sake yi mini zancen Alamin.

Hantsi ya ɗaga sosai lokacin da na iso rijiya. A nan na ci karo da mazan garinmu suna dawowa daga maƙabarta, da fatanya a kafaɗa, mutum biyu na riƙe da makara ba kowa a ciki. Ba wanda ya ce mini komai game da moton. Suka yi mini gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa ina tsaye riƙe da shi kamar wanda aka kama da kayan sata.

Na jingina shi da katanga cikin rana, na zauna karɓar gaisuwa. Bayan azahar Alamin ya ce in ɗan matsar da shi za a ƙara tabarmi. Hannuna ya saba, na murɗa makulli ban sani ba. Layi biyu suka kama, kore shar. Ya sha rana ya ji ɗumi, ya farfaɗo abinsa. Wallahi na so in ɗauki dutse in farfasa shi.

Can aka ce Binta na kira na a zaure. Tana zaune a ƙasa, ta lulluɓe har fuska. Na durƙusa, na tambaye ta ko ya bar mini wata magana.

Ta ce, "Da na hwaɗa mishi ka ce kana kusa, sai ya hana a rufe ƙofa duk sanyin nan. Shina ta cewa, 'Ku leƙa waje. Moton Ƙasimu ba shi da ƙara, ƙila ya iso ba mu ji ba.' Sau huɗu na leƙa, Ƙasimu."