Taku Bakwai

Ku yi mini afuwa, karatu na saba da shi, ban taɓa gwada rubutu ba.

"Baba, tsaya!"

Tsohon ya ƙame da buhu a ka, yatsun ƙafarsa na leƙen bakin dandamalin lodi. Babbar motar ta riga ta tashi, babu komai a gabansa sai siminti can ƙasa, zurfin ya kai ƙirjin mutum.

'Yarsa, mai duba takardun kaya a siton, ita ce ta ƙwala masa kiran. Ita kaɗai ta san idanunsa sun dushe tun bara. Ba ganin bakin yake yi ba, ƙirga shi yake: daga jar gangar ƙarfen da ke gindin ginshiƙi, taku bakwai. Yau da safe masu shara suka matsa da gangar gaba.

"Dattijo, tashi sama za ka yi?" in ji Dogo, abokin aikinsa, 'yan dako suka kwashe da dariya.

"Iska nake sha, ɗan nema," Baba ya ce, ya ja da baya.

Ta sami mai kula da sito a ofis, tana murza bakin mayafinta.

"Ranka ya daɗe, da an mayar da sarƙar nan ta bakin dandamali."

"Sarƙa? Mota talatin a wuni, a cire a maƙala? 'Yan dakon da kansu suka jefar da ita. Mai ido ba ya faɗawa." Ya ɗago kai. "Ko akwai wanda ba ya gani ne? Faɗa mini, yau ɗin nan in sallame shi."

Ta tuna shekara ashirin da Baba ya yi a nan, da yadda yake goge takalmin aikinsa kowace safiya.

"Babu," ta ce.

Da aka tashi cin abincin rana, ta tarar da Baba shi kaɗai a kan benci.

"Kin faɗa?"

"A'a, Baba."

"Allah ya yi miki albarka." Gefenta yake kallo, ba ita ba.

Ta koma dandamalin, babu kowa. Ta rungumi gangar, ta ja ta da ƙyar har gindin ginshiƙi. Sannan ta taka zuwa baki tana ƙirgawa. Tara ta samu. Ta sake, tana buɗe ƙafa irin tasa. Takwas. Ba ta san ko daidai ne ba.

Ta jiyo muryar Dogo na tahowa. Ta kaɗe jar ƙurar da ke gaban rigarta, ta sulale ta bayan buhuna.