Albasar da Ba Ta Wari

Malam Ilya ya tsufa yana noman albasa a Galmi, sai ga shi a Villeurbanne ta ƙasar Turawa, can saman bene, wajen 'yarsa Mardiya mai cikin fari.

Ganye ya soma zuba, sai maƙwabciyarsu Martha, 'yar Zonkwa, ta shigo da tukwane biyu da wasu 'yan ƙwallaye kamar albasa. Wai fure ne. Ta durƙusa a baranda tana nuna wa Mardiya.

"Tukunya sai mai huda a gindi. Tsinin ya kalli sama, ki tura shi ƙasa sosai. Kar ki cika ruwa, ruɓewa yake. Sai sanyi ya dake shi zai fito."

"Yaushe ke nan?" in ji tsohon.

"Wajen Afrilu, Baba."

Watan haihuwar Mardiya! Ya ɗauki guda ya shinshina, ba wari ko kaɗan. Wace irin albasa ce ba wari? Wa ke shuka a bakin sanyi? A garinsu, wanda ya binne abu a ƙofar mai ciki ba fure yake nema ba.

Washegari Mardiya na fita aiki ya tone su duka. Ya yi bisimilla, ya tsaga ɗaya da wuƙa, yana jiran laya ko gashi. Sai ya ga wani ɗan abu fari a tsakiya, a naɗe, bai kai ƙwayar shinkafa ba, da 'yan kunnuwansa. Fure ne, yana kwance yana jiran lokaci. Ya daɗe yana kallonsa.

"Baba! Miya za ku yi da su?" Martha ce ta leƙo daga barandarta tana dariya.

"Ke 'yar nan, me ya sa sai a ƙofarmu?"

Ta buɗe baki, sai ta gane. Dariyar ta tsaya.

"Haba Baba. Ni da nake raka ta asibiti?"

"To, mu raba. Rabi nan, rabi wajenki."

Ta miƙo wata tukunya daga barandarta. Shi da kansa ya binne, tsini sama, ya danna ƙasa da babban yatsa. Sa'an nan ya mayar da na 'yarsa.

Duk safiya yakan leƙa tukwanen, tukunyar Martha kafin nasu.