Masa Daga Hannun Kaka

"Man da kike soya ƙosan nan, kin soya fanke a cikinsa?"

Mai ƙosan ta tsaya da matsami a hannu, ta ƙare wa Febi kallo daga ɗankwali har takalmi. Safiyar Asabar ce, tashar Keffi ta cika maƙil, masu zuwa Abuja na ta turereniya a bakin motoci, kowa na neman abin da zai jefa a ciki kafin cunkoson Mararaba ya riƙe shi.

"Madam, mai dai mai ne. Za ki saya ko za ki ba mutane wuri?"

"Yarinyata ce ba ta cin abin da ya taɓa fulawa."

"To ki kai ta Abuja mana, can ake irin wannan ciwon."

Mutanen da ke layi suka yi dariya. Febi ta ja hannun 'yarta Christy suka koma inda mijinta Haggai ke tsare musu kujera a motar Garaku. Ta buɗe jaka ta ɗauko dafaffen ƙwai da ayaba ta miƙa mata. Yarinyar ta karɓa ba gardama, ko waiwayen kaskon ba ta yi ba. Wannan haƙurin nata shi ya fi komai ci wa Febi rai, don bai kamata a ce 'yar shekara bakwai ta iya shi haka ba.

* * *

Tun da aka yaye Christy ba ta ga lafiya ba. Zawo ba ya ɗaukewa, ciki ya kumbura, ƙafafu kamar sillen kara. An ba ta maganin tsutsa har an gaji, an yi mata allurar taifod ba adadi, an kai ta wajen masu addu'a. Ɗaya daga cikinsu ne ya rufe ido ya ce yana ganin wata tsohuwa a cikin dangi tana shan jinin yarinyar. Tsohuwa kuwa ɗaya ce ta rage a dangin: Magdalena, mahaifiyar Haggai, gwauruwar da ta shekara talatin tana sayar da masa a ƙauyensu da ke bayan Garaku. Febi ba ta taɓa yarda da maganar ba, amma a lokacin ba ta ƙaryata ta da ƙarfi ba. Gajiya ta yi mata yawa, kuma har yau tana jin kunyar shirun da ta yi.

Bara ne wata likita a Abuja ta gano abin. Ta ce sunansa siliyak, duk abin da aka yi da alkama yana kankare wa yarinyar hanji, ko ɓurɓushi ne. Ba shi da magani sai ƙauracewa. Daga ranar Febi ta zama abin tsokana a Keffi. A wajen biki tana binciken tukunya, a makarantar da take koyarwa suna kiranta Madam Fulawa, a gidan abinci in ta tambayi ko an kaɗa miya da gari sai a ce iyayi ne ya yi mata yawa. Ta shanye duka, don cikin wata takwas Christy ta yi kumatu, ta fara gudu da yara, har ta yi faɗa a makaranta, Febi ta dawo gida tana murna.

Sai dai a wata takwas ɗin nan ba a kai yarinyar ƙauye ba, cincin da burodin da kakarta ke aikowa kuma maƙwabta ake rabawa. Mutanen ƙauye, da maganar mai addu'ar ta riga ta kai kunnensu, suka haɗa wannan da wancan: an raba jika da tsohuwa, jika ta warke. Wace shaida kuma ake nema? Aka daina sayen masar Magdalena. Yara suka riƙa gudu in sun hango ta. Makon jiya samari suka yi wa kwanon ɗakinta ruwan duwatsu da rana tsaka.

Dattijo Zakka, babban dattijon cocin ƙauyen, shi ya yanke yadda za a yi. A kawo yarinyar ta ci masa daga hannun kakarta a gaban jama'a, a zuba ido mako guda. In ba abin da ya same ta, bakin kowa ya mutu. Febi ta amince da sauri, don masa ai shinkafa ce. Ta aika da shinkafarta, ta sayi sabuwar tanda da sabon mai, ta yi wa kowa bayani a waya har sau uku.

* * *

Sun iske tsakar gidan cike da mutane, an jera bencinan coci a ƙarƙashin mangwaro. Febi ta gaida manya, ta zarce madafa. Yayar Haggai, Paulina, ce ke juya masa a tanda, ƙamshi ya cika wurin. A gefen murhu, bayan tulu, akwai wata farar leda da aka ƙulle bakinta.

Febi ta ɗaga ta, ta shafa garin da ya manne a jiki. Fulawa ce.

"Yaya Paulina, wannan fa?"

"Matarmu, rage murya. Mama ce ta haɗa ƙullun jiya, hannunta na rawa, ruwa ya zarce. Da na zo soyawa sai watsewa yake yi a tanda. Hannu biyu kawai na zuba ya kama jikinsa, kowace mai masa haka take yi. Ita Mama ba ta ma sani ba."

"Na ce muku ko ɓurɓushi ba ta ci."

"Hannu biyu a cikin wannan roba? Ina za ta ji shi?"

"A dafa mata doya, Mama ta ba ta da hannunta."

Paulina ta ajiye cokali ta dube ta. "Dattijo ya riga ya yi addu'a a kan masar nan, kowa ya gani. In kika canza abinci yanzu, cewa za su yi kin leƙo kin ga abin da tsohuwa ta zuba. Ki rufa mana asiri."

Febi ta fita ta yafito Haggai zuwa bayan rumbu.

"Baban Christy, akwai fulawa a ciki."

Haggai ya waiwaya ya dubi taron. Mutum ne da ke barin gida ƙarfe biyar na asuba kullum don ya isa ofis a Abuja, shi ya riƙa ɗaukar yarinyar a kafaɗa daga wannan asibiti zuwa wancan. Ya san abin da fulawa ke yi mata, ba sai an faɗa masa ba.

"Sau ɗaya ne, Maman Christy."

"Likita ta ce sau ɗaya ma yana mayar da ita baya."

"Likita ba ta nan. Kin ga samarin can da ke tsaye a bakin ƙofa? In yarinyar nan ba ta ci ba, Mama ba za ta ƙara kwana a garin nan ba. In ma sun bar ta ta fita da ƙafarta."

"In na yi musu bayani fa?"

"Wata takwas kina bayani. Wa ya ji?"

* * *

Magdalena ta fito cikin sabon zane, ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Ta zauna a kan tabarma a tsakiyar fili, aka ajiye mata faranti. Da ta ga jikarta ta yi ɓul-ɓul sai hawaye ya zubo mata, ta miƙa hannu za ta taɓa ta, ta tuna idanun da ke kanta, ta janye.

Dattijo Zakka ya yi gajeren jawabi, ya ce yarinya ta matso. Tsohuwar ta gutsuro masar ta miƙa.

"Zo, kishiyata, zo ki ci. Ke na yi wa."

Christy ta durƙusa a gabanta, amma ba ta buɗe baki ba. Ta waiwayo ta nemi uwarta a cikin taron, kamar yadda aka koya mata ta riƙa yi duk inda aka miƙo mata abinci.

"Mama, wannan irin nawa ne?"

Febi ta ji idon Haggai a kanta, da na Paulina, da na samarin bakin ƙofa. Ta dubi tsohuwar da ke riƙe da loma a iska, ba ta san komai ba sai tsoro. Febi ta so ƙasa ta tsage ta shige.

"Irin naki ne. Ci."

Yarinyar ta ci guda uku, ta ce da daɗi. Matan zumuntar coci suka ɗauki waƙa, wasu na tafi. Magdalena ta rungume jikarta tana kuka, tana sa wa Febi albarka.

* * *

Kafin su kai Keffi cikin Christy ya fara murɗawa. Washegari zawo ya dawo, da amai, da kumburin da Febi ta yi zaton ta yi sallama da shi. Ba su kai ta asibitin unguwa ba, don ɗaya daga cikin ma'aikatan wurin 'yar ƙauyensu ce. Maƙwabciyarsu ta ɗaki na uku ma tana da dangi a can, don haka Febi ta ce wa kowa yarinyar na karatun jarrabawa, ta rufe ƙofa. Kayan da Christy ta ɓata a ɗaki ake wanke su, a ɗaki ake shanya su, a kan igiyar da Haggai ya ɗaura daga taga zuwa ƙusar kalanda.

Kowace safiya Paulina na bugo waya, Haggai ya fita baranda ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Lafiyarta ƙalau, ga ta can tana wasa. A gaida Mama."

Rana ta huɗu aman ya lafa. Febi ta tuƙa tuwon shinkafa mai laushi da miyar kuɓewa, a tukunyar da ba a dafa komai a cikinta sai abincin Christy. Ta zauna a bakin katifa, ta gutsuro, ta hura.

"Tashi ki ci kaɗan. Ni na dafa da hannuna."

Christy ta dubi lomar, ta ɗago ta dubi uwarta, ta daɗe tana kallonta da idanun da suka faɗa. Ba ta tambayi komai ba. Ta juya fuskarta bango, ta ja zane ta rufe bakinta.

Febi ta zauna da tuwon a hannu har ya huce. A bayanta ruwan rigunan da ke kan igiya na ɗiga a kan siminti.