Badaru a Ƙarƙashin Teburin Mama Liyatu

Ƙura kawai aka ce ya hure. Wannan kowa a layin teloli na Tunga zai ba da shaida, domin Mama Liyatu ba ta iya magana a hankali ba. Tana ɗaura ɗankwali za ta gaisuwar rasuwa a Wushishi, ta miƙa wa Badaru makullin shago.

"Ka hure mata ƙura, ɗana, tana nishi kamar tsohuwar tunkiya. Kada ka taɓa komai. Lahadi matan zumunta za su sa rigunansu a coci, tambari kawai ya rage."

Kwamfutar da ake magana ta tsufa tukuf, amma ita kaɗai injin surfanin Mama Liyatu ke jin maganarta, ta wata kafa mai faɗi a bayanta wadda aka daina yin irinta. In ta mutu, injin ya zama abin shanyar tsumma. Shi kuwa Badaru mai gyaran kwamfuta ne, ɗan marigayiya Bintu aminiyar Liyatu, a bayan Liyatun ma ya yi rabin goyonsa. Yaron kirki ne, sai dai hannunsa ƙaiƙayi gare shi. In ya ga abu yana tafiya lafiya, sai ya ji kamar an zage shi.

Yana da wata furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, da ya daɗe yana yawo da ita a aljihu cikin ƙullin leda kamar laya. Ya hure ƙura, ya share ƙarƙashin tebur tas, har ya jefar da wani tsohon silifas da ya tarar a cushe a jikin soket. Sannan zuciya ta ce masa, me zai hana Mama ta dawo ta tarar da tunkiyarta tana gudun barewa?

Ya cire tsohuwar ƙwaƙwalwa ya ɗora sabuwa. Allo baƙi ƙirin. Ashe a jikin koren farantin nan da suke kira madabod akwai ɗan karatu da kamfani ya dasa, sunansa bayos, kamar maigadi ne, fuskar da aka nuna masa kaɗai yake buɗe wa ƙofa. Wannan baƙuwa bai santa ba. Mai hankali a nan zai tsaya. Badaru ya mai da tsohuwar, ya shiga wayarsa, ya tono wani bayos da wani mutum can wata duniya ya yi wa kwaskwarima. A ƙasa an rubuta da jan rubutu cewa in wuta ta yanke ana cikin zubawa, madabod ta mutu har abada. Ya karanta, ya ce Allah ya kiyaye. Abu ɗaya ya yi na hankali, ya kwafi bayos na asali ya ajiye a filashi, 'yar ma'ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta.

Ana haka NEPA ta ɗauke wuta, sai ya ta da janareta a bayan shago, ya dawo ya danna a fara zubawa.

Wani shuɗin layi ya fara rarrafe a allo. A daidai nan soket ɗin ƙarƙashin tebur ya ce tsss, fitilarsa ta yi ƙifce. Badaru ya faɗa ƙasa kamar mai kama kaza, ya danne fulogin da tafin hannu. Sai yanzu ya gane aikin silifas ɗin nan.

To, ga shi nan fa. Gwiwoyi a siminti, kai a ƙarƙashin tebur, hannun dama a soket, wuya a karkace yana leƙen allo. Layin ya kai rabi ya tsaya cak.

Ya jira. Layin bai motsa ba. Ya miƙa ƙafa ko zai jawo wani abin da zai cusa, babu komai, ai shi da kansa ya share wurin. Wayarsa na can kan injin tana ta ruri, matarsa Hidaya ce, ya san kiranta. Ya ƙwala wa maƙwabcinsu Yisa mai faci kira, amma injin iskar Yisa da janareta sun haɗu suna gasar ihu. Aka kira la'asar, yana ji aka tayar, aka sallame. Wani cinnaka ya hau ƙaurinsa ya yi abin da ya kawo shi. Rigunan zumunta na rataye a kansa, farare sol, kowace da ƙirji fayau tana jiran tambari, iskar fanka na kaɗa su kamar suna masa daƙuwa.

Can sai janareta ya yi tari.

Badaru ya san wannan tarin. Mai ne ya kusa ƙarewa. Galan na bakin ƙofa, yana hango shi, taku kaɗan ne. In ya tashi, soket ya saki. In ya zauna, janareta ya mutu. Gumi ya shiga idonsa, ya fara karanto duk addu'ar da ya iya, har da ta shiga kasuwa.

Sai ga inuwa a ƙofa, da ƙamshin man zafi.

"Badaru? Ƙurar ce ta kayar da kai?"

Mama Liyatu ce. Ta samu mota da wuri.

"Sannu da hanya, Mama. Ya masu haƙuri?"

"Daga ƙarƙashin tebur kake gaishe ni? Bintu ba ta koya maka haka ba. Fito."

"Ba zan iya ba, Mama."

Ta dubi kwamfutarta a buɗe, hanji a waje. Ta dubi allo. Ta sunkuya da ƙyar ta dubi soket.

"Ina silifas ɗina?"

"Na... na share."

"Yesu na! Silifas da ya fi ka daɗewa a aiki!"

Janareta ya sake tari, fanka ta rage gudu. Badaru ya ga babu sauran wurin ɓuya, ya zazzage mata komai a gurguje: baƙuwar ƙwaƙwalwa, maigadin da ya ƙi ta, jan rubutu. Ya ce in wutar nan ta yanke yanzu, injin ba zai sake ɗinka ko ɗigo ba.

Ya zaci mari. Sai ya ji ta ajiye jaka, ta tattare zani, gwiwoyinta suka yi ƙas ƙas, ta rarrafo ta ɗora hannunta a kan nasa.

"Zare a hankali, ɗan banza. Je ka ba shi mai. In ka ƙona mini shago kuma, sai na tone uwarka na faɗa mata."

Ya fita da ƙafa a sandare yana ɗingishi, ya zuba man, janareta ya washe murya. Da ya dawo, layin da ya yi taurin kai tun azahar ya fara tafiya, kamar dama mai shagon yake jira. Ya kai ƙarshe. Kwamfuta ta mutu don kanta, ta farka, ta yi ƙara ɗaya siririya.

Badaru ya kashe ta, ya ɗora sabuwar ƙwaƙwalwa, ya kunna. Kafin Mama Liyatu ta gama miƙe bayanta, komai ya buɗe. Har ya fara murmushi.

"Kin gani, Mama? Walƙiya!"

"Na gani. Ɗinka mini."

Ta ɗaura riga ɗaya a injin, ta zaɓi tambari, ta danna. Shiru. Ta sake dannawa. Allura ko motsi. Badaru ya duba waya, ya cire ya mayar, ya shiga nan ya fita can. Ashe mutumin can mai kwaskwarima, da zai buɗe wa baƙuwa ƙofa, sai ya toshe tsohuwar kafar nan mai faɗi, don a garinsu babu mai amfani da ita. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Mama Liyatu ta dubi rigunan. Muryarta ta sauka, abin da layin teloli bai taɓa ji ba.

"Matan nan tun damina suke jiran Lahadin nan. Akwai hanyar komawa?"

"Akwai. Na ajiye na asalin a filashi. Sai dai... sai an sake zubawa. Kamar ɗazu. Kuma ban san ko zai karɓa ba."

Ta dubi galan, saura ɗan mai a gindi. Ta cire silifas ɗin ƙafarta na dama, ta naɗe, ta cusa a jikin soket, ta buga da dunƙule. Ta gwada, ta ga yana ɗan lilo.

"Wannan sabo ne, bai san aiki ba tukuna. Danna, ka koma ƙasa ka riƙe masa."

Badaru ya mai da tsohuwar ƙwaƙwalwa, ya danna, ya koma inda ya fito. Mama Liyatu ta jawo kujera ta tokare bakin teburin, ta zauna da ƙafa ɗaya babu takalmi. Shuɗin layi ya fara rarrafe. Waya ta sake ruri a kan injin, ta ɗauka.

"Hidaya, ci abincinki, 'yata. Mijinki yana nan. Babu inda za shi."