Rarar Yadin Rigar Baba

Shekara arba'in Baba yana auna jikin mutane, amma da nasa ya fara tafiya sai ya hana kowa a gidanmu ambaton zancen. Inna takan ce ya ɗan faɗa. Gwaggo, wadda bakinta ba shi da birki, ta shigo ta ce ya zabge, ta kuma maimaita kamar ba mu ji ba. Likita ya ce jikin zai ci gaba da raunana a hankali, abin da ya tafi ba zai dawo ba. Ni da na tashi a shagon ɗinkinsa, kwalar rigarsa ce ta gaya mini komai. A da yatsa ɗaya ke shiga tsakaninta da wuyansa, yanzu uku ke shiga har da sarari.

Babu abin da Baba ya tsana kamar a tausaya masa. Kullum da safe sai ya lallaɓa zuwa shago ya zauna a kujerarsa ta bakin ƙofa, duk da ƙafarsa ta daina iya taka keken ɗinki. Ya rantse duk ranar da mutanen layinmu suka fara yi masa sannun nan mai karkatar da kai, daga ranar ya bar fita. Na kuma san in ya bar fita, ya gama.

Sai na shiga rage masa riguna a ɓoye. Duk ranar wanki Inna ta miƙo mini su, in ɗan ci gefe, in ɗage kafaɗa, in matsar da maɓallin kwala, in goge in mayar inda suke. Yana ƙanjamewa, rigar tana bin sa. Ba yabon kai ba, aikin ya yi kyau. Mai gyaran takalmi da ke maƙwabtaka da mu har cewa ya yi Baba ya fara murmurewa, Gwaggo ma da bakinta ta ce ashe dai idonta ne. Ranar kamar in taka rawa.

Abu ɗaya na yi wanda ya saɓa wa ƙa'idar shagonmu. In an rage riga da yawa, yanke rarar yadin ake yi a daje bakin, don kada ya yi tudu a ciki. Ni na kasa. Sai in ninke shi, in kwantar, in bi shi da allurar hannu, ina cewa a raina wata rana za a saki. Cikin wata bakwai ninkin ya kai faɗin tafin hannuna.

Wata safiya babu kowa a shago, Baba ya tuɓe rigarsa ya rage daga shi sai singileti, ya juya cikinta waje ya shimfiɗa a teburin yanka. Na ajiye aikin da ke hannuna na matso kusa. Mutumin nan tunda nake bai taɓa yaba ɗinkina ba, iyakarsa ya ce ba laifi. Ya bi ɗinkin da ɗan yatsa tun daga hammata har ƙasa, ya ce tun makon farko ya gane, tela ba ya mance faɗin rigarsa. Ya ce wata bakwai yana neman inda allurata ta kauce, bai samu ba.

Sannan ya kama ninkin da yatsu biyu. "Wannan fa, Auta?"

"Na bar shi ne saboda in ka mayar da jiki, Baba."

"Kin taɓa ganin na ajiye wa mutum yadin da na san ba zai cika ba? Nauyi kawai yake ƙara mini."

Ya jawo aljihun tebur ya fito da babban almakashinsa mai baƙin mariƙi, wanda ko Inna ba ta isa ta taɓa ba. Ya gwada buɗe shi, yatsun suka ƙi. Bai ɓoye ba, sai ya juya mariƙin ya miƙo mini.

Na yanke. Ina yi hawaye na zuba, amma hannuna bai karkace ba, kuma yana tsaye a kaina yana kallo har na kai ƙarshe. Na daje bakin, na goge, na taya shi sakawa. Rigar ta zauna masa ɗas, ba nauyi ba tudu.

Ya koma kujerarsa, ya gyara kwala, ya ɗaga muryar da ta rage masa ya kira mai gyaran takalmi. "Ba murmurewa na yi ba, malam, ramewa nake yi. Zo ka ga ɗinki. 'Yata ce ta yi."

Na je zan mayar da almakashin aljihun tebur, ya ce in bar shi a gefen kekena.