Yatsun Inna

Wayar Inna 'yar ƙarama ce, an ɗaure bayanta da roba. Lambarta kaɗai Yaya ya haddace kafin ya tafi neman aiki, kuma shekaru ke nan ba mu ji ɗuriyarsa ba. Shi ya sa ko wankin kayan mutane take yi, wayar tana kan taga kusa da ita.

Sai saƙo ya shigo cewa za a rufe duk layin da ba a tantance mai shi ba. Na raka ta ofishin kamfanin waya.

Ma'aikaciyar ta ce doka ce ta tilasta musu, saboda 'yan ta'adda suna amfani da layukan da ba a san masu su ba.

"Ni ce 'yar ta'addar?" in ji Inna. "Da wannan gwiwar?"

Ma'aikaciyar ta yi dariya. "Mama, ɗora babban yatsa nan."

Na'urar ta nuna ja. Aka gwada duka yatsun, aka goge, aka sake. Ruwa da sabulu sun cinye zanen, yatsun sun yi sumul kamar bayan cokali.

"Ga nawa," na ce.

"Da sunanta layin yake, ɗan'uwa. Ko mayar da shi sunanka sai da yatsanta." Ta ce Inna ta huta da wanki, wataƙila zanen ya dawo.

Na karɓi wankin. Inna tana zaune tana shafa wa hannuwanta mai, tana yi mini tsiya wai lallashin riga nake yi, ba wanki ba.

Muka koma ana gobe rufewa. Ja ta sake nunawa. Ma'aikaciyar ta riƙe hannun Inna, ta daɗe ba ta saki ba.

Bayan wasu watanni na gwada lambar da wayata, sai ta shiga. Ashe an sayar wa wani makaniki. Ina jin ƙarar guduma a bayansa. Inna ta karɓi wayar.

"Ɗana, lambar nan tawa ce a da. Idan wani ya kira ya ce Inna, don Allah kada ka ce masa ya yi kuskuren lamba."

Aka daina buga gudumar.

"To Mama, me zan ce masa?"

"Ka ce ba mu tashi ba. Muna gidan nan."